Ruwan Da Ya Zo Babu Hadari

Tawa, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya a Yamai, kafin ka gangara Kurmi. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare ka a kan kwalta da kan yashi, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin ruwa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, don gidan babu kowa sai ni da inuwar itacen bedi. Ka yi haƙuri da rubutun. Tare da takardar akwai ƙunshi cikin leda. Kada ka kwance shi sai ka kai ƙarshe.

Ranar da ka tashi ina zaune bisa tabarma ina kallonka kana ɗaure jakar goyonka a bayan babur. Ka ce za ka bi bakin teku kai kaɗai, daga Kutonu zuwa Lome, Akara, Abijan, har bayan Konakiri, kana ɗaukar hotuna da salula, sannan ka tsallaka tsibirin da kawunka Idi yake zaune, ka cika wasiyyar mahaifiyarka. Na buɗe baki in yi magana, abin da ya fito shi ne, "Allah Ya kiyaye hanya." Kwana uku ke nan ina zagin kaina.

Auta, kawunka Idi, wanda aka sa maka sunansa, ba ya tsibirin nan. Ba shi da mata a can, ba shi da 'ya'ya, ba shi da kwalekwale mai shuɗin fenti. Ya rasu tun kafin in auri mahaifiyarka. Ya rasu da rana tsaka ina kallonsa, kuma ni na ce masa ya tsaya a inda ya tsaya. Hanyar da ta ci shi ita ce ka nufa, kuma ƙaryata ce ta ɗora ka a kanta. Don haka ka zauna ka karanta a hankali.

Shekarar da fari ya cinye dabbobin arewa, ni da Idi muka bar garinmu Barmu muka tafi biɗa, neman kuɗi a Kurmi, kamar sauran samarin Adar. Ni na yi lakwal har aji shida, ina jin Faransanci, shi kuwa ko sunansa bai iya rubutawa ba. Don haka yake kirana Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, rabi girmamawa rabi tsokana. Muna tallar agogo da tabarau da turare. A Abijan ya sayi tsohuwar mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, daga nan zama wuri ɗaya ya gagare shi. Sai ya ce, "Mushe, hau. Mu je mu ga inda ƙasa ta ƙare." In hau baya da jakar kaya a goye, mu bi gaɓar teku ƙauye bayan ƙauye, mu kwana inda aka ba mu wuri, mu ci kifi da rogo. Idan na ga yadda kake shafa tankin babur ɗinka kafin ka hau, shi nake gani.

Haka muka yi ta tafiya yamma har muka shiga ƙasar da ba a jin Faransanci. Wata safiya hanyar jar ƙasa ta ƙare mana a wani ƙauyen masunta. Gabanmu wani fili ne shimfiɗe, toka-toka, yana ƙyalli, babu itace babu ciyawa, can ƙarshensa ga tsibiri kore shar da itatuwan kwakwa. An kakkafa sanduna a jere daga gaɓa har can, alamar hanya. Aka nuna mana da hannu cewa akwai kasuwa a tsibirin.

Muna shirin sauka sai ga wata tsohuwa ta fito daga filin da kwando a ka, cike da ƙumbar ruwa, ƙafafunta duk laka. Ta tare gaban mobilet. Ta nuna rana, ta nuna filin, sannan ta ɗora tafin hannunta a gwiwa, ta ɗaga shi zuwa ƙugu, zuwa ƙirji, ta tsayar da shi bisa kanta. Ta yi haka sau biyu.

Idi ya ce, "Mushe, mi ta ce?"

Na yi mata Faransanci, ba ta ji ba. Na ƙara ɗaga murya, kamar kurma ce. Da na ga ba zan iya cewa ban gane ba a gaban Idi, sai na ce, "Cewa take rana za ta yi zafi, mu sa hula."

Ya yi dariya ya ce, "Gaya mata daga Adar muke. Ranarsu nan ko fura ba ta tsamarwa." Ya miƙa mata ɗan kwalbar turare. Ba ta karɓa ba. Ta matsa gefe, ta sauke kwandonta ƙasa, ta zauna tana kallonmu kamar yadda ake kallon makara.

Wannan shi ne kuskurena na farko: na ji kunyar cewa ban sani ba. Kai ma ka yi karatu, ka fi ni nesa, kuma kana da salula mai nuna maka hanya. Amma duk inda ka sauka, wanda ƙafarsa ke da lakar wurin ya fi ka sani. Idan tsohuwa ta tare ka, kashe babur ka sauka. Idan ba ka ji harshenta ba, ka zauna har a samo mai fassara, ko da zai ci maka yini. Ka koyi gaisuwar kowane gari kafin ka koyi sunan abincinsu, don wanda ka gaisar da harshensa ba ya barinka ka faɗa rami yana kallo.

Ba wai ban yi tunanin ruwa ba. Na yi. Amma na yi shi irin na mutumin Adar. Ka san abin da ake koya wa kowane ɗa a wurinmu: idan za ka ƙetare busasshiyar ƙorama, kada ka dubi yashi, ka dubi sama. Ka duba gabas ko akwai hadari, ka shaƙi iska ko akwai ƙanshin ruwa, ka kasa kunne ko akwai rugugi daga tudu. Idan babu ko ɗaya, wuce abinka, ko kwana kake so ka yi a ciki. Mahaifina ya koya mini wannan tsakanin Barmu da Takanamat, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Na tsaya bakin filin nan na ɗaga kai. Sama wasai, ko ɗigon girgije babu, tsakiyar rani. Na ce wa Idi, "Ruwan da zai cika wannan wuri sai damina."

Alamu kuwa suna nan a gabana. Ga kwalekwale kwance a kan haƙarƙarinsu cikin laka, nesa da ruwa, ɗaure da igiya. Na ce ai haka ake gani a tabkin Tabalak idan rani ya yi nisa. Ban tambayi kaina abin da ya sa igiyoyin suke jiƙe ba. Sandunan hanya baƙi ƙirin suke, da danshi da ƙananan ƙumba manne har sama da tsayina. Na taɓa ɗaya da hannuna, na goge hannun a wando, na hau mobilet. Na zauna bakin teku a Lome da Abijan, inda ruwa ke matsowa taku kaɗan ya koma, na ɗauka na san teku. Ban san akwai gaɓar da teku ke janyewa har ta ɓace wa ido, ta dawo gaba ɗaya, sau biyu kowace rana, ba ruwanta da hadari ba ruwanta da damina.

Ka riƙe wannan: ilimin da ya tsare ka a gida yana iya kashe ka a wani wuri. Ba don ƙarya ba ne, sai don na gida ne. A bakin teku kada ka tambayi sama. Ka tambayi masunta yaushe ruwa ke tafiya, yaushe yake dawowa, ka sake tambayar wani dabam, kuma ka sani lokacin yana gusawa kullum, na jiya ba na yau ba ne. Duk ƙasar da ka gani tana ƙyalli babu ciyawa, ba hanya ba ce, gadon ruwa ne, mai shi ya fita zai dawo.

Da farko filin da tauri, mobilet na gudu kamar a kan siminti, Idi na waƙa. Mun wuce rabi, sai tayar baya ta nutse. Muka sauka muka tura, ta ƙara shiga. Muka ja, muka haƙa da hannu, lakar na tsotse ƙafa kamar baki. Wurin shiru, Auta. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ko a dajin Azawak. Babu tsuntsu, babu ƙuda. Sai wani ɗan sauti daga ƙasa, tsit-tsit, kamar dubban ƙananan bakuna suna buɗewa suna rufewa.

Na ce, "Bari in ƙarasa tsibiri in samo mutane da katako. Kai jira ni nan. Kada ka motsa, kada a sace kaya."

Ya ce, "Wa zai sace? Kaguwa?" Ya zauna bisa sirdin yana karkaɗa ƙafa. "Tafi, Mushe, kai ne mai baki. In ka ga 'yan mata ka ce musu mai mobilet na nan tafe." Na yi 'yan taku, ya ƙwala mini kira: "Kada ka daɗe, azahar ta kusa, ba ni son yin salla ni kaɗai."

Na bi sanduna. Ban yi nisa ƙwarai ba na ji ɗumi a idon sawuna. Na duba. Ruwa ne, siriri kamar an zubar da wanke-wanke, yana tafiya a hankali, ba kumfa ba ƙara. Ba daga gabana yake zuwa ba, daga gefe yake, daga baya, har kamar daga ƙarƙashin ƙasa yake tsatsowa. Na sake ɗaga kai na dubi sama, wauta ta kai wauta. Rana na nan fes. Na ɗebo da hannu na ɗanɗana. Gishiri. Sai na tuna hannun tsohuwar nan yana hawa daga gwiwa zuwa ƙugu.

Abin da zan rubuta yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba sai jiya. Lokacin da na gane, na fi kusa da Idi bisa tsibirin. Da na juya na yi ihu na ce ya bar mobilet ya sheƙo, da ya ji ni. Wataƙila da mun tsira mu biyu, wataƙila da mun mutu mu biyu, Allah Ya sani. Ban juya ba. Na ce wa zuciyata zan kawo kwalekwale, na zuba da gudu. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Na isa gaɓa yana ƙirjina, wasu masunta suka jawo ni da gora.

Da na waiwaya, filin babu shi. Ruwa ne lumui har ƙarshen gani, kwance kamar madubi, kawunan sanduna kaɗai a waje. Can tsakiya ga Idi, ɗan ƙarami, tsaye kusa da mobilet inda na ce ya tsaya. Bai gudu ba. Mushe ya ce kada ya motsa, kuma ɗan Adar ne, bai iya iyo ba, bai ma san ta ina zai nufa ba. Na ga ya juya ya fuskanci gabas, ya ɗaga hannuwansa zuwa kunne. Masunta suka tura kwalekwale, na faɗa ciki ina nuna musu wurin. Ina kallonsa, ƙyallin rana ya kashe mini ido, na ƙifta, na sake dubawa. Babu kowa.

Washegari da hantsi ruwa ya sake janyewa, muka bi sanduna da mutanen ƙauyen. Mobilet na nan tsaye cikin laka yadda muka bar ta. Jakar kaya ta tafi. Amma takalmansa na fata, ɗinkin Takanamat, waɗanda mahaifiyarsa ta saya masa ranar tafiya, suna rataye a hannun mobilet, an ɗaure su tam da igiyar wando, ƙulli biyu. Ya cire su zai yi salla, ya ɗaure don kada ruwa ya tafi da su. Kwana uku ana nemansa cikin itatuwan bakin ruwa, ba a gan shi ba.

Ga abin da nake so ka ɗauka daga nan. Babur ƙarfe ne. Ranar da ya maƙale a wurin da ba ka yarda da shi ba, ka bar shi, ka bar jakar, ka bar salular da hotunan duka, ka fita da ranka. Kuma idan Allah Ya haɗa ka da abokin tafiya, ko na yini ɗaya ne, kada ka taɓa ce masa "jira ni nan" a wurin da kai kanka ba ka sani ba. Ku tafi tare ko ku tsaya tare.

Da a nan abin ya tsaya, da sai in ce ƙaddara ce da wautar ƙuruciya. Abin da ya biyo baya da hankalina na yi shi.

Ka san al'adarmu: wanda ya dawo daga biɗa ba ya hutawa sai ya bi gidajen abokan tafiyarsa ya ba da labarinsu. Tun daga Abijan nake shirya maganar a bakina. Na shiga gidansu Idi da la'asar, takalman na cikin jakata. Kakarka Inna Hajo tana zaune tana kaɗi. Mahaifiyarka, lokacin tana budurwa, ta kawo mini ruwa a ƙwarya, ta durƙusa. Tun kafin mu tafi nake son ta, Idi ma ya sani. Inna Hajo ta ajiye mazari ta ce, "Abdu, sannu da hanya. Ina ka baro min shi?"

Na dubi ruwan cikin ƙwaryar. Na ji bakina yana cewa, "Lafiya lau yake, Inna. Ya sami wuri a wani tsibiri, ciniki ya karɓe shi. Ya ce a gaishe ku."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ja'iri, ko ɗan saƙo babu?"

Na ce, "Zai aiko da takarda."

Da wannan magana na hana shi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ba a yi masa zaman makoki ba, ba a raba masa sadakar ko ƙwayar gero ba. Gonarsa ta gabas da gari har yau gonar Idi ake ce mata. Kowace kaka Inna Hajo sai ta ware dami ɗaya ta sa a ƙuryar rumbu, ta ce na Idi ne, in ya zo kada ya ce an cinye rabonsa.

Kuma tunda na ce zai aiko da takarda, dole takarda ta zo. Ni ne mai karanta wa unguwarmu wasiƙu. Sai in zo Tawa, in zauna bayan gidan waya in rubuta, in sa a tsohon ambulan mai kan sarkin wata ƙasa, in koma Barmu a taru in karanta. Ni na yi masa aure. Ni na haifa masa 'ya'ya uku na raɗa musu suna. Ni na saya masa kwalekwale na shafa masa shuɗin fenti. Bayan mun dawo Tawa da zama ban daina ba, kai ma ka tashi kana jin su. Duk abin da ya sa maka son teku tun kana ƙarami, kwakwa da farin yashi da kifi mai girman ɗan maraƙi, daga alƙalamina ya fito. Sunan tsibirin kaɗai ne gaskiya, don ranar farko ban yi saurin ƙago wani ba. Ba zan sake rubuta shi ba, ka san shi.

Da Inna Hajo ta rasu na daina. Na ce wa mahaifiyarka gidan waya ya lalace a ƙasarsu. Shekaru suka wuce. Wata rana cikin bazara, zafin nan da ko ƙadangare ba ya fita, wani direba daga tasha ya yi sallama ya miƙo ambulan, ya ce wani fasinja ya bar shi a mota ya ce a kawo gidan Mushe Abdu. Babu mai kirana Mushe a Tawa. Ambulan ɗin jiƙe yake sharkaf, alhali rabonmu da ruwan sama wata bakwai. Mahaifiyarka ta karɓa ta sa mini a hannu, ta ce, "Malam, na Yaya ne. Karanta."

Na buɗe. Tawada ta narke ta bi takardar duka, babu harafi ɗaya da ya tsaya. Na lashi yatsa zan raba shafin, na ji gishiri a harshena. Na sha gaya wa kaina cewa wata wasiƙa ce ta wani, jarkar ruwa ta zube mata a mota. Mai yiwuwa haka ne. Amma ranar nan, da takardar tana ɗiga a gwiwata, na buɗe baki na karanta mata: ina lafiya, iyali suna lafiya, a gaida kowa. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Yau gajeruwa ya rubuto." Ta tashi ta koma wurin tukunyarta.

Tun daga ranar nake jin ƙarar mobilet. Ba cikin barci ba, da rana, daidai lokacin da ladan ke shirin kiran azahar, titi ya yi tsit. Sai in ji ta taho daga nesa, da ɗan tarin nan da take yi idan ta sha yashi, ta zo har ƙofar gida ta mutu. In fita, babu kowa sai akuyar maƙwabta a inuwa. Irin wannan mobilet an daɗe da daina ganinta a garin nan. Likita ya ce hawan jini ne ke sa kunne ƙara. Na karɓi maganinsa ina sha.

Kana nan ranar da mahaifiyarka ta yi wasiyya. Ta riƙe hannunka ta kira ka da sunan da take kiranka, ta ce, "Yayana, in ka sami hali ka je ka gano min mai sunanka, ka ce ina gaishe shi." Kai kana kuka, ba ka lura ba. Hannunka ta riƙe, amma ni take kallo. Har ta gama maganar idonta na kaina. Ban sani ba ko ta sani. Ina zaton ta gaji da jira in faɗa da kaina, sai ta ɗora abin da na fi so a kan hanyar, ta ga ko zan bari ya tafi. Kuma na bari ka tafi, har Yamai.

Nasihata a nan gajeruwa ce. Labarin mutuwa nauyi ne na yini ɗaya ga mai kawo shi. Na guje wa yini ɗaya, na ɗauki shekara arba'in da wani abu, na kuma ɗora wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Idan ka yi kuskure a hanya, ko ka buge wani, ko wani ya cutu ta dalilinka, ka faɗa a ranar, da bakinka, tun maganar tana da ɗumi.

Jiya na shiga motar kasuwa na je Barmu. Na sami kawunka Salifu, ƙanen Idi, a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga. Na sa aka kira liman, na faɗa musu duk abin da na rubuta maka. Salifu bai daina murɗa igiyarsa ba har na gama. Sannan ya ce, "Abdu, uwarmu ta makance tana kallon hanyar Tawa." Na ce na sani. Ya ce, "Ba ka sani ba. Kai kana karatu, mu muke kallon fuskarta." Na fito da takalman na ajiye a gabansa. Ya taɓa ɗaya da yatsa, ya janye hannu da sauri, ya dube ni. Ya ce, "Wanke su ka yi?" Na ce a'a. Ya ce, "Ɗauke su. Ka mai da su inda ka ɗauko." Bai ba ni hannu ba da zan tafi, kuma ban ga laifinsa ba. Liman ya ce ranar Juma'a za a yi wa Idi saukar Alƙur'ani da sadaka, a sanar da dangi cewa ya rasu. Gero daga gonarsa za a daka.

Yanzu kana iya kwance ƙunshin. Su ne. Shekara da shekaru suna ƙasan akwatina na ƙarfe, a garin da fata ke bushewa ta tsage cikin wata guda, amma ba su taɓa bushewa ba. Na sa leda biyu don kada su jiƙa maka tufafi.

Ban ce ka fasa tafiyarka ba. Ba ni da bakin hana ka, kuma son ganin duniya ba laifi ba ne, kawunka ya ji daɗinsa har ranarsa ta ƙarshe. Ka ga Lome, ka ga Abijan, ka ci kifi, ka sa hular kwano ko da zafi, ka wanke sarƙar babur da ruwan daɗi duk ranar da iskar gishiri ta taɓa ta. Amma babu wanda ke jiranka a tsibirin nan, don haka babu gaggawa. Idan ka ga ba za ka je ba, ka dawo mini da takalman, a sa su tare da ni a kabari. Idan kuwa ka je, ka bar babur a ƙauyen gaɓa, ka shiga kwalekwale da masu wurin, lokacin da suka ce, ba lokacin da ka so ba. Ko ka ga filin a bushe, ko ka ga mutane na tafiya a kai, kada ka sa ƙafarka. Ka hau tudu inda ruwa ba ya kaiwa, ka haƙa rami ƙarƙashin itace ka binne su. In azahar ta yi, ka yi salla a wurin, ka yi masa addu'a. Ya ce ba ya son yin ta shi kaɗai.

Abu biyu nake roƙo don kaina. Duk inda ka kwana, ka rubuta wa mai gidan sunana da unguwarmu da lambar salular maƙwabcina, ka ce masa idan wani abu ya same ka a faɗa mini gaskiya, ko wace iri ce, kada a tausaya mini. Na biyu, ranar da za ka dawo ka kira tun kana Konni, ka faɗa mini lokacin isowarka. Idan na ji ƙarar inji ta mutu a ƙofar gida, ina so in fita in tarar da mutum.

Ban ce ka yafe mini yanzu ba. Ka yi tafiyarka da fushinka idan ya kama, amma ka yi ta a hankali.

Allah Ya jiƙan Idi, Ya jiƙan Inna Hajo da mahaifiyarka, Ya sa sun huta. Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a kowace gaɓa, Ya ba ka kunnen jin gargaɗinsu. Ya tsare ka daga ruwan da ake gani da wanda ba a gani, Ya dawo mini da kai bisa ƙafafunka, da takalmanka a ƙafa. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Abdu